Zaman da ya kai shi asibiti: yadda wani iyali ya tunkari ɗansa mai shan tramadol

## Wanda lamarin ya shafa

Magidanci ne mai shekara 31, sana'arsa haɗa wayar lantarki a gidaje. Yana da mata da 'ya ɗaya, iyayensa duka suna raye, yana kuma da yaya mace da wa namiji. An sakaya sunansa da duk abin da zai sa a gane shi. Lissafin watanni a nan ya fara ne daga ranar da aka fara rubuta masa maganin. Kafin wannan rana ba a san shi da shan komai ba in ban da sigari.

## Wata na 1 zuwa na 7: farkon lamarin

Ya faɗo daga tsani yana tsaka da aiki, ƙashin cinyarsa ya karye, aka yi masa tiyata aka sa ƙarfe. Da za a sallame shi likita ya rubuta masa tramadol, miligiram 50 sau uku a rana, na mako uku. Maganin ciwo ne na halak, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa a 1962, ya fito da shi kasuwa a 1977. Ta hanya biyu yake aiki a jiki. Yana kama wuraren da mofin da dangoginsa suke kamawa a ƙwaƙwalwa, ya dushe raɗaɗi. Yana kuma ƙara ƙarfin sinadaran serotonin da noradrenaline, irin aikin da wasu magungunan ciwon damuwa suke yi. Shi ya sa mai shansa yakan ji kuzari da sakin zuciya bayan sauƙin ciwon.

Wannan kuzarin ne ya riƙe shi. Mako uku suka cika, ƙafa ba ta gama warkewa ba, aiki ya tsaya, bashi ya fara taruwa. Ya lura in ya sha biyu da safe yana iya wuni a tsaye ba tare da ya ji komai ba, sai ya ci gaba da saye ba da takardar likita ba. Ƙafar ta warke a wata na 4. Zuwa wata na 7 yana shan miligiram 400 a rana, wato iyakar abin da likitoci suke yarda babban mutum ya sha cikin sa'a 24.

## Wata na 8 zuwa na 20: gida ya gani, gida ya rufe

Matarsa ce ta fara ganewa. Ya rame, yana gyangyaɗi a zaune ana tsaka da magana, yana yawan susar jiki, kuma da safe ba a iya yi masa magana sai ya shiga banɗaki ya fito. Ta riƙa tsintar fankon katin magani a aljihunsa da cikin jakar kayan aiki.

A wata na 11 ta gaya wa mahaifiyarsa. Mahaifiyar ta roƙe ta kada maganar ta kai kunnen mahaifinsa, ta ce za ta shawo kansa da kanta. Daga nan kowa ya kama nasa rufin asirin. Mahaifiyar ta biya masa bashi sau biyu. Matar tana kiran masu aiki ta ce musu ba shi da lafiya a ranakun da ya kasa tashi. Yayarsa tana ranta masa kuɗi da sunan sayen kayan aiki. Babu wadda ta san abin da ɗayar take yi, shi kaɗai ya san jimillar.

Zuwa wata na 20 yana shan kusan miligiram 1,000 a rana. Manyan ayyuka biyu sun kuɓuce masa, ya sayar da injin huda bangonsa, ya kuma sayar da wayar matarsa ya ce ta faɗi a mota.

## Wata na 21: jijjigar farko

Ya faɗi a gidan wani da yake yi wa aiki, jikinsa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. A asibiti likita ya tambayi abin da yake sha, matar ta faɗa. Likitan ya bayyana musu cewa tramadol yana iya jawo irin wannan jijjiga, musamman idan an wuce ƙa'ida, ko da mutum bai taɓa yin farfaɗiya ba. A ranar ne mahaifinsa da wansa suka ji labarin da sauran gida suka shafe wata goma suna riƙe da shi.

## Wata na 21 zuwa na 26: abubuwa uku da aka gwada

Na farko taron faɗa ne, a daren da aka sallame shi. Mutum goma sha ɗaya suka taru a kansa. Mahaifin ya yi ta faɗa, wan ya mare shi, wasu suna kuka. Ya rantse ya daina, ya miƙa sauran ƙwayoyin da ke jikinsa. Rantsuwar ta yi kwana biyu. Jikin da ya saba da miligiram 1,000 ba ya jin rantsuwa: cikin kwana guda da yankewa sai zufa, ciwon ƙashi, hamma, amai, gudawa da rashin barci su taso. Tramadol kuma yakan ƙara da nasa na daban, wato firgici, ruɗewa, da jin kamar lantarki yana ratsa kai. A rana ta uku ya fita ya sayo.

Na biyu kulle ne. A wata na 23 wan ya rufe shi a ɗaki kwana shida, ana miƙa masa abinci da ruwa, babu likita, babu magani. Ya fito jikinsa ya washe, gida ya yi murna. Kwana tara bayan haka ya sha adadin da ya saba sha a da, matarsa ta same shi ba ya farkawa, numfashinsa yana fita a hankali, aka garzaya da shi asibiti. Likitan da ya karɓe shi ya ce musu wannan shi ne lokacin da ya fi hatsari, domin juriyar jiki tana sauka bayan 'yan kwanaki ba a sha ba, adadin da mutum ya saba da shi sai ya zama mai iya kisa.

Na uku barazana ce. Matar ta ce za ta tafi, ta tafi, ta dawo bayan mako guda ba tare da wani abu ya canja ba. Mahaifin ya ce ya cire shi daga cikin 'ya'yansa, amma washegari mahaifiyar ta aika masa kuɗi a ɓoye. A ƙarshen wata na 26 yana shan abin da yake sha kafin jijjigar, ya daina zuwa gidan iyayensa, ba ya kuma ɗaga wayar wansa.

## Wata na 27 da na 28: mako shida na shiri

Yayarsa ce ta canja salon. Ta je wurin likitan ƙwaƙwalwa ita kaɗai, ba da shi ba, ta ce tana so a koya mata abin da za ta yi. Likitan ya haɗa ta da wata ma'aikaciya mai ba iyalai shawara kan shaye-shaye.

Ma'aikaciyar ta shimfiɗa mata hanyoyi biyu da aka fi sani. Ɗaya ita ce ta Vernon Johnson, wani limamin coci a jihar Minnesota ta Amurka wanda shi kansa ya yi fama da giya. A shekarun 1960 ya tsara cewa dangi su shirya a asirce, su zaunar da mai shan ba zato, kowa ya faɗi abin da ya gani, sannan a miƙa masa tayin magani nan take. Ɗayar ita ce CRAFT, wadda Robert Meyers da abokan aikinsa suka bunƙasa a Jami'ar New Mexico. Ita ba ta dogara da zama guda ba, dangi take koya wa yadda za su sauya mu'amalarsu ta yau da kullum har mai shan ya ga neman magani ya fi masa sauƙi. A wani bincike da William Miller da Meyers da Scott Tonigan suka wallafa a 1999 kan dangi 130 na masu shan giya da suka ƙi magani, kashi 64 cikin ɗari na waɗanda aka koya wa CRAFT sun samu nasu ya shiga magani, hanyar Johnson ta samu kashi 30, tsarin Al-Anon, ƙungiyar taimakon juna ta dangin masu shan giya, kuma kashi 13. Babban abin da ya rage wa hanyar Johnson ƙarfi shi ne yawancin iyalan sun fasa yin zaman da lokaci ya zo. Aka tsaya a kan a fara da sauya halin gida, a ƙare da zama, amma zaman da za a gayyace shi a fili.

Aikin farko ya fi kowanne ɗaci. Mahaifiyar da matar da yayar suka zauna kowacce ta faɗi abin da ta ba shi da abin da ta rufa masa. Da aka haɗa kuɗin, ya kai abin da yake samu a wata biyar lokacin da aikinsa yake tafiya. Mahaifiyar ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga ranar aka yarda ba wanda zai ƙara ba shi kuɗi a hannu, ba wanda zai biya masa bashi, matar kuma ba za ta ƙara yi wa masu aiki ƙarya ba. Abinci, kula da yarinya da kuɗin asibiti kuwa ba a taɓa su ba. Ma'aikaciyar ta nanata musu cewa ba horo ake yi masa ba, janye hannu kawai ake yi daga tsakaninsa da sakamakon abin da yake yi.

An ba matar aikin rubuta lokutan da yake sha da yanayinsa. Bayan mako biyu aka gano cewa da hantsi ne ake samunsa a nutse, bai cika buguwa ba, jiki kuma bai fara nema ba. A irin wannan lokaci kaɗai aka ce a riƙa yi masa magana mai muhimmanci. An kuma koya mata ta nuna jin daɗinta a fili duk ranar da ya dawo da wuri idonsa a buɗe, ta zauna su yi hira, in kuma ya dawo a buge ta tashi ta ba shi wuri ba tare da faɗa ba. Ta ce wannan ya fi mata wuya a kan faɗan.

Sai zaɓen waɗanda za su zauna. Mutum biyar aka tsayar: mahaifi, mahaifiya, mata, yaya, da wani amininsa tun na ƙuruciya wanda ba ya shan komai. An cire wan, kuma yayar ce ta je ta gaya masa dalili baki da baki. Bai ji daɗi ba. Kowa ya rubuta abin da zai faɗa a takarda mai sassa uku: wani abin kirki da ya sani game da shi, wani abu takamaimai da ya gani da idonsa da lokacin da ya faru, sai roƙo guda, ya je asibiti yau. Ba zagi, ba kiransa ɗan ƙwaya, ba tono tsohon laifi. Takardar mahaifin sai da aka sake ta sau uku, domin kowane karo tana komawa maganar mutuncin gida da ya zube. Aka yi gwajin zaman sau biyu, aminin yana zama a madadinsa yana mayar da irin martanin da suka san zai mayar.

Kowa ya kuma faɗi abin da zai yi idan ya ƙi, da sharaɗin ya zama abin da zai iya cikawa. Matar ta so ta ce rabuwa, ma'aikaciyar ta tambaye ta ko da gaske za ta iya, ta ce a'a. Abin da ta iya tsayawa a kai shi ne ita da yarinya za su koma wurin yayar har ya ga likita, kuma ba zai ƙara ɗaukar yarinyar a abin hawa ba. An tambayi matar, ita kaɗai, ko ya taɓa dukanta ko ya taɓa maganar kashe kansa. Da amsar ta zama e, da tsarin duka ya canja, domin tsaron rai ke gaba da kowane zama.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sa ranar an riga an samu gado a sashen da ke kula da masu shaye-shaye, an biya kuɗin farko, an haɗa jakarsa, an samu wanda zai ƙarasa aikin da ke hannunsa.

## Ranar zaman

Yayar ta kira shi ta ce za su zauna a gidanta kan maganar lafiyarsa tare da wata ma'aikaciyar lafiya, ko ya zo ko bai zo ba za a zauna, amma sun fi son yana nan. Bai zo ba. Suka yi zamansu, matar ta gaya masa da dare cewa an yi, an kuma sa wata rana. Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, ya zo.

Minti hamsin zaman ya ɗauka. Aminin ya fara, sai yayar, sai matar, wadda ta karanta yadda ta same shi ba ya farkawa da yadda yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ya sunkuyar da kai. Da mahaifiyar ta fara, ta ce, "Ni na ba ka kuɗin nan da hannuna, na san inda suke zuwa. Na daina, kuma ba don na daina sonka ba," sai ya miƙe ya ce, "Umma, har da ke?" ya fita.

An riga an yarda ba wanda zai tare ƙofa. Aminin kaɗai ya bi shi, ya zauna kusa da shi a waje bai ce masa ya koma ba. Bayan kamar minti goma sha biyar ya dawo da kansa. Mahaifin, wanda aka bar shi na ƙarshe, ya ajiye takardarsa ya ce, "Faɗan da na yi maka bai warkar da kai ba. Ciwo ne, ga asibiti an shirya. Ka tashi mu je, ni zan raka ka."

Ya kawo uzurorin da aka zata. Aiki: an samu mai ƙarasawa. Kuɗi: an biya. Mutane za su ji: waɗanda ke ɗakin kaɗai suka sani. Sai ya ce, "Yaya, ku bari sai gobe." Ta ce, "Jakarka tana mota. Yau gadon yake jiranka." Ya ce yana so ya ga 'yarsa tukuna. Aka yarda, aminin ya raka shi. Sa'a uku bayan tashi daga zaman yana gaban likita. Ba a kai ga karanta masa sharuɗɗan da aka tanada ba.

## Kwana 12 a asibiti da watannin da suka biyo

Likita ya auna shi da ma'auni 11 na DSM-5, kundin 2013 da likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen tantance cututtuka, inda shida ko fiye suke nuna matsalar ta yi tsanani. Ya cika tara. Aka jira alamun yankewa suka bayyana sosai sannan aka fara ba shi buprenorphine, domin ba da shi da wuri yakan tayar da ciwon yankewar da ƙarfi. Magani ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005, tare da methadone mai irin wannan aiki, kuma yana kwantar da ƙishin ƙwaya ba tare da buguwa irin ta da ba. An kuma gano yana da ciwon damuwa wanda ya samo asali tun lokacin karayar. Maganin damuwar sai da tramadol ya fita daga jikinsa aka fara, domin haɗa su yana da hatsari.

Bayan sallama yana ganin mai ba da shawara sau ɗaya a mako, iyalin kuma sau biyu a wata. An ba matar naloxone, maganin gaggawa da ke dawo da numfashi idan ƙwaya ta yi wa mutum yawa, ta ajiye a gida, aka koya mata yadda ake amfani da shi idan numfashi ya yi rauni, aka kuma gargaɗe ta cewa ba ya tsayar da jijjiga, dole a nemi asibiti ko da ya farka.

## Wata na 5 bayan zaman: koma-baya

Ya ji ya warke, ya daina shan buprenorphine ba da sanin likita ba. Mako biyu bayan haka, bayan wani aiki mai nauyi, ya sayi tramadol ya sha kwana uku a jere. Matar ta gane a rana ta biyu. Wannan karon ba ta ɓoye ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta kira yayar a ranar, ta gaya masa ta sani, ta kwashi yarinya zuwa gidan yayar kamar yadda ta ce za ta yi. Mahaifiyar ba ta aika kuɗi ba. A rana ta huɗu shi ya kira mahaifinsa ya ce, "Baba, ka zo ka kai ni."

Tun kafin sallama likita ya shirya su da wannan. Cibiyar NIDA ta Amurka mai binciken shaye-shaye tana ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda suka yi maganin shaye-shaye sukan koma, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke sake tasowa ba. Aka mayar da shi kan maganinsa, aka ƙara yawan zama na wata biyu.

## Wata na 18 bayan zaman: inda aka kwana

Wata 13 ke nan bai sha ba, kuma gwajin fitsari ya tabbatar, gwaji na musamman, tunda na gama-gari ba ya nuna tramadol. Ya koma aiki, ya biya kusan kashi biyu cikin uku na bashinsa, ya sayi sabon injin huda bango. Har yanzu yana kan buprenorphine, an rage adadin. Jijjigar ba ta sake dawowa ba. Matar ta ce wani lokacin takan laluba aljihunsa. Shi da wansa suna gaisawa, ba su wuce nan ba.

## Abin da ya sa wannan ya yi, waɗancan ba su yi ba

A ganina zaman minti hamsin ɗin shi ne ƙaramin ɓangare na nasarar. Taron faɗa na wata na 21 ma zama ne, har ya fi yawan mutane, amma an nemi ya daina ne ba tare da an ba shi hanyar dainawa ba, alhali jikinsa ba zai bar shi ya cika alkawarin ba. Kullen ya fitar da ƙwayar daga jini, ya bar ƙishinta da damuwar da ke ƙarƙashinta, ya kuma kusa kashe shi. Ina faɗin wannan da ƙarfi, domin iyalai da yawa suna yin haka da kyakkyawar niyya ba su san hatsarin da ke jiran mutum bayan ya fito ba. Barazanar kuwa ta koya masa cewa maganar gidansu ba ta da nauyi.

Mako shida na shirin ne suka dawo wa maganar nauyinta. Kafin ya shiga ɗakin ya riga ya ga kuɗi sun tsaya daga kowane ɓangare a lokaci guda, ya ga an ce za a zauna ko babu shi kuma an zauna. Da yayar ta ce jakarsa tana mota, ya san tana motar. Ya kuma ga cewa duk da haka ba a kore shi ba, ana ba shi abinci, ana yi masa magana da mutunci, ƙofa a buɗe take. Mutane biyu da suka fi sauyawa ba shi ba ne, mahaifiyar ce da ta janye hannunta da mahaifin da ya sauke muryarsa, kuma maganarsu ce ta girgiza shi.

Akwai sa'a a ciki, bai kamata a ɓoye ba. Ya samu gado a ranar, ya samu likitan da ya san aikin, ba shi da halin duka, kuma ya rayu a daren da numfashinsa ya yi rauni. Iyali zai iya yin duk abin da wannan ya yi nasu ya ƙi, kuma an shirya wa hakan: cika sharuɗɗan, ci gaba da zuwa wurin ma'aikaciyar, sake tayin bayan mako biyu.

Cire wan daga zaman daidai ne, domin da yana ɗakin da wuya ƙanen ya dawo bayan ya fita. Kuskuren shi ne barinsa a waje bayan haka. Shi ma tsoro ne ya sa ya yi marin da kullen, kuma ba wanda ya zauna da shi ya yi masa bayanin ciwon kamar yadda aka yi wa sauran. Ma'aikaciyar ta gayyace shi zaman iyali na gaba, likita kuma zai duba yiwuwar ƙara rage maganin a wata na 24 bayan zaman.